Aikin Kwashe Dusar Ƙanƙara a Unguwarmu ta Minnesota

Kamfanin da ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu, a wajen birnin Minneapolis da ke jihar Minnesota ta Amurka, ta ba kwangilar kwashe dusar ƙanƙara a hunturun bana ya cancanci yabo kan manyan tituna, domin tun kafin asuba motocinsa ke share hanya, masu sammakon aiki su wuce ba tare da tayoyinsu sun kafe ba. Matsalar tana bakin gareji, inda motar kan tara tudun ƙanƙara, ta bar dattawa da shebur a hannu. Gishirin da suke barbaɗawa don narkar da ƙanƙara kuma ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ga shi yana ƙona ciyawa. Da kuɗin da muke biya duk wata, ya kamata su riƙa haɗawa da yashi don rage santsin hanya.