Haddar Asambuli ko Da'irar Alli: Wanne Ke Sa Yaro Ya Gane Shi Ɗan Nijeriya Ne?

Hanya ta farko ita ce ta kowace safiya: a jera yara a asambuli, a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi alƙawarin biyayya. Minti goma sun isa, ba ta cin ko sisi. Illarta ita ce baitocin na Turanci ne, ɗan aji biyu kuwa sauti yake haddacewa, ma'anar ta wuce shi. Da aka dawo da tsohon take a 2024, yara sun sake hadda daga farko, fahimtarsu tana nan inda take.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci, amma ta fi kama zuciya. Malam ya zana da'ira huɗu a daɓen aji da alli, ƙarama cikin babba: unguwa, ƙaramar hukuma, jiha, ƙasa. Yaro ya tsaya a ta tsakiya, a tambaye shi da Hausa: kana Fagge? Kana Kano? Kana Nijeriya? Da ƙafarsa zai ga duk yana ciki lokaci guda. Wannan shi ne abin da ke ba 'yan shekara shida zuwa bakwai wuya, kamar yadda masanin tunanin yara Jean Piaget ya gani a yaran Siwizalan tun 1951: suna ɗaukar gari da ƙasa wurare biyu ne maƙwabta.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne fara jero jihohi 36 kafin yaro ya san tasa. A bar wannan sai aji huɗu. A ajin da ya haura yara sittin, a fita fili a zana da toka, a riƙa shigar da su biyar-biyar.