Hattara da mai tallar "shukar iska" a Instagram da status

Jama'a dan Allah a yi hattara, musamman 'yan uwa mata masu son ƙawata falo. Akwai wani shafi da ke ta tallar shukar nan da ake ratayewa ba ƙasa ba tukunya, wai iska kawai take sha, ba ta buƙatar ko ɗigon ruwa. Sai kin tura kuɗi gaba ɗaya sannan ya ba direba a tasha, kaya na isowa kina yin ƙorafi sai ya yi bulokin ɗinki.

Ƙanwata ta yi oda guda uku, ja da shuɗiya da ruwan hoda. Ana buɗe kwali biyu daga ciki fenti ne aka fesa musu har yana kama yatsa, gindinsu ya yi baƙi ya yi laushi, tana ɗan jan ganyen tsakiya ya zare a hannunta. Ta ukun kuwa roba ce zalla an manna ta da gam jikin wani ɗan icce. Wallahi abin ya ƙona min rai don kuɗin adashinta ne.

Ita shukar gaskiya ce akwai ta, sunanta Tillandsia, danginsu ɗaya da abarba, asalinta daga kudancin ƙasar Amurka da Meziko har ƙasashen Amurka ta Kudu, kuma iri-irinta sun haura 600. A can tana maƙale ne a reshen bishiya ko dutse, saiwarta ta riƙo ce kawai, ruwa kuwa ta ganye take sha, ta wani ɗan fari-farin gashi da ya lulluɓe shi, shi ya sa za ki ga ta gaske galibi launinta kore ne mai toka-toka, in kin shafa ba santsi. To fenti wannan gashin yake toshewa, kin ga an cutar da ita tun kafin ta iso. E akwai wadda ake kira ionantha da ganyenta ke yin ja idan za ta yi fure, amma jan a hankali yake shigowa, ba ya goguwa a hannu. Mai shuɗin ganye kuwa kar ma ki tsaya tambaya.

Mai shafin yana kuma sayar da "iri" a 'yar leda wai sati biyu ya tsiro ya cika kwalba, ƙarya ce. Irin Tillandsia ƙanƙani ne mai gashi kamar na tumfafiya, kuma shekaru yake ɗauka kafin ya zama abin kallo, shi ya sa aka fi yaɗa ta da 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwar bayan ta yi fure. Kar kuma wani ya yanko miki kauci ya ce ita ce, kauci jikin bishiya yake tsotsa, ana raba shi da ita ya mutu.

Kafin ki tura ko sisi ki ce a kira ki ta bidiyo, a juya gindin ki gani, a goga ganyen da jiƙaƙƙen tsumma a gabanki. In ya fara kwana-kwana ki bar shi. Wadda kuma Allah ya sa tata mai rai ce, ki riƙa jiƙa ta a ruwa minti 20 zuwa 30 duk sati, ki kakkaɓe ki kifa ta ta bushe cikin awa huɗu don ruwan da ya kwanta a tsakiya shi ke ruɓar da ita, lokacin hunturu ki ƙara da fesawa tunda iskarmu ta bushe sosai. Ruwan sama ya fi na burtsatse mai gishiri, kar a binne ta a ƙasa, kar a bar ta a ranar tsaka.

Duk wadda ya cuta ta ajiye rasit ɗin tiransifa da hoton hirarsu, ta kai ƙorafi bankinta, ta kuma yi rifot ɗin shafin.