Shimfiɗar Ɓawon Kwakwa a Akwatin Macijin Madara: Abin da Na Gani a Katsina

Watanni 11 ke nan ina amfani da shimfiɗar ɓawon kwakwa a akwatin macijin da nake kiwo a gidana da ke Katsina, kuma tun da ta ratsa hunturu da bazara da damina a hannuna, ina ganin zan iya faɗin albarkacin bakina a kanta. Macijin irin wanda ake kira macijin madara ne, ɗan asalin nahiyar Amurka, mai zobe-zoben ja da baƙi da fari, kuma ba shi da dafi. Sunan ya samo asali ne daga camfin manoman can, waɗanda suka riƙa ganinsa a wajen shanu suka ɗauka nono yake tsotsa, alhali ɓeraye yake bi. Ranar da kawuna na Daura ya ji labarin kiwon, cewa ya yi, "Ɗana, mu da aka san garinmu da kashe na Kusugu, kai kuma ka ajiye wani a ɗaka kana ciyar da shi?"

Wannan maciji yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, abin da hunturunmu ba ya bayarwa. A watan Disamba, lokacin da tsohuwar jarida nake shimfiɗa masa, ma'aunin danshi ya nuna mini kashi 15 a cikin akwatin. Da ya tashi saɓa, maimakon fatar ta fita ɗungurungum kamar an cire safa, sai ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a kan ido, wata a ƙarshen wutsiya. Ta wutsiyar ce ta fi tayar mini da hankali, domin idan ta bushe a wurin tana shaƙe jini har ƙarshen wutsiyar ya mutu.

Hakan ya sa na yi odar ɓawon kwakwa ta intanet daga Legas. Yana zuwa ne a danne kamar bulo, nauyinsa giram 650, idan aka jiƙa shi kuma ya kumbura ya kai kusan lita 8. Kuɗin aikowa ya kusa kamo kuɗin kayan, kuma mai sayarwar bai haɗo da wani bayani kan yawan ruwan da ya dace da maciji ba, wanda nake ganin babban giɓi ne, domin a nan na yi kuskurena na farko. Na zuba shi a akwati yana jiƙe sharkaf, ina ganin na yi maganin hunturu, sai bayan mako biyu na lura fatar cikin macijin ta fara yin jaja-jaja, wato alamar ruɓewar da zama kan jiƙaƙƙen wuri ke jawowa. Na mayar da shi kan busasshiyar takarda har ya warke, sannan na sake shiri. Yanzu ina matse ɓawon da hannu har sai ruwa ya daina ɗiga, in shanya shi kaɗan a inuwa, in zuba kaurin santimita 7, ta yadda sama zai bushe, ƙasa kuma ya riƙe laima. Idan danshi ya ragu ba na fesa ruwa ko'ina, a kusurwa ɗaya nake tsiyaya kaɗan.

Da aka bi da shi ta wannan hanya, ɓawon ya yi aikinsa. Yana riƙe laima kwanaki, yana shanye wari, kuma macijin, wanda dama mai son kutsawa ƙarƙashin ƙasa ne, yakan nutse a ciki ya bar kai kawai a waje. Sai dai a tsakiyar hunturu shi kaɗai bai kai danshin akwatin kashi 40 ba, har sai da na rufe rabin ragar murfin, na kuma kife wani ƙaramin kasko da na fasa wa ƙofa a gefe, na sa jiƙaƙƙen ɓawo a ƙarƙashinsa. Da zarar idonsa ya yi hazo-hazo, alamar saɓa ta kusa, a cikin kaskon yake wuni, kuma tun daga lokacin fatarsa guda take fita. A ganina wannan kaskon ya fi shimfiɗar kanta muhimmanci.

Damina ta zo da akasin matsalar. A watan Agusta ma'aunin ya haura kashi 75 ba tare da na zuba ko ɗigon ruwa ba, funfuna kuma ta fito a ƙarƙashin kwanon ruwa, dole na buɗe ragar gaba ɗaya na canja shimfiɗar da busasshiya. A bazara kuwa, da zafi ke wuce digiri 40 alhali macijin tsakanin 24 da 30 yake so, shimfiɗar ba ta taimaka ba sosai, sauke akwatin na yi ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi.

Wasu sun ba ni shawarar diddigar katako irin ta masu kiwon kaji, tun da ba ta da tsada. Na ƙi ta ne saboda ba a sanin icen da aka yanko ta, ga shi man da ke cikin icen fayin (pine) da na sida (cedar) yana cutar da numfashin maciji. Yashi kuma, da yake a ƙofar gida, ba ya riƙe laima kuma yana iya toshe hanji idan ya bi abinci. Ɓawon kwakwar ma yana manne wa ɓeran da nake ciyar da shi, shi ya sa a kan faranti nake ajiye masa abinci.

Zan ci gaba da sayensa, amma ba zan ba wanda ba shi da ma'aunin danshi shawarar ya fara da shi ba. Ga iskar hunturu ta soma kaɗawa, na riga na yi odar bulo biyu, kaskon kuma yana nan a kusurwarsa.