Gargaɗi: mai cewa ya yi aiki da CIA ya cinye mini miliyan 1 da jika 850

Jama'ar Tawa da ta Yamai, salamu alaikum. Kwana 9 ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa saboda kunya, amma yau sai ta fito. Wani mutum ya karɓe mini miliyan 1 da jika 850 na sefa da sunan shi tsohon ma'aikacin CIA ne, hukumar leƙen asirin Amurka, kuma zai samo wa ɗana aiki. Miliyan 1 da jika 850. Ribar albasar bana ce gaba ɗaya, har da ɗan kunnen zinariyar uwar yaron da aka sayar.

Kada wanda ya zo yana ce mini ban da wayo. Shekara 22 ina loda albasar Galmi zuwa Abijan da Akra, dillalin ƙarya tun daga gaisuwarsa nake gane shi. Wannan mutumin a gidan biki na haɗu da shi, a unguwar Bukoki ta Yamai, cikin dangi. Dattijo ne da furfura, yana jin Turanci da Faransanci da Buzanci, shi ya ja mu sallar la'asar ranar. Ya ce tafinta ya yi wa Amurkawa shekara 11 tsakanin Agadas da Dirku. To wa bai san Amurkawa sun zauna a Agadas ba? Sansaninsu na 201 kowa ya san da shi, kowa ya san a 2024 suka kwashe kayansu suka tafi. Ina abin shakka a nan?

Abin da ke hana ni barci shi ne zaman da muka yi a kan tabarma a tsakar gidansa. Ya ce, "Alhaji, kashe wayarka." Na kashe. Ya ɗauki tawa da tasa ya kai ɗaki. Sannan ya buɗe walat ya nuna mini wani kati mai kan gaggafa da hotonsa, babban yatsansa a kan lambar, kafin in ƙifta ido ya mayar. Na fito da jika 100 na ce ga goro. Ya ture hannuna. Ya ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka, yaron nake tausayi, ga takardar bak ta gama sakandare a hannu shekara uku yana zaman fada." Ya ture hannuna, wallahi. Da ya karɓa a ranar da na yi tunani. Kullum in na kwanta sai in ga hannun nan yana ture jika 100. Ashe wadda ta fi ta yake jira.

Daga baya ne kuɗi suka fara fita. Jika 600 na buɗe dosiye. Sai jika 500 na tikitin jirgi. A'a, kafin tikiti akwai jika 750 na likita da biza da abin da ya kira binciken tsaro, wannan ana saura kwana kaɗan babbar salla na aika, domin na tuna rago ɗaya kawai na yanka. Tikitin ne na ƙarshe. Ku haɗa: 600, 750, 500. Wai yaron zai je Amurka horo na wata uku, daga nan wani kamfanin tsaro ya ɗauke shi. Rasit biyu suna hannuna daga gidan aika kuɗi, na farkon ne hannu da hannu, a kan tabarmar nan dai.

Na tambayi takarda, kada ku ce ban tambaya ba. Sau uku na tambaya. Amsa ɗaya ce: sirri ne. Sunan kamfani? Sirri ne. Wa zan kira in tabbatar? Ya ce in na kira ofishin jakadanci za a ƙone dosiyen kuma a sa sunan yaron a baƙin littafi. Ko uwar yaron ya ce kada ta san sunan hukumar.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni shi ya buɗe mini ido, bayan lambar mutumin ta daina shiga. Ya ce, "Kawu, maganar Dirku da ya raɗa maka a kunne, jaridar New York Times ta buga ta tun 2018, cewa CIA na tashin jirage marasa matuƙi daga can. Labarin jarida ya sayar maka a matsayin asiri." Ya ce ita hukumar, in aka tambaye ta abin da ya shafi ayyukanta na ɓoye, amsar da ta saba bayarwa ita ce ba ta tabbatar ba, ba ta kuma musanta ba, kuma a wannan inuwar maƙaryata ke fakewa. Ya nuna mini wani Ba'amurke, Wayne Simmons, da ya yi shekaru yana sharhi a tashar Fox News yana cewa ya yi shekara 27 a CIA. Sai a 2015 aka kama shi, a 2016 aka ɗaure shi wata 33. A cikin ƙasarsu ke nan, gaban ƴan jarida masu digiri. To ni da ke Tawa ta ina zan bincika? Ya kuma ce kuɗin neman bizar ziyara dalar Amurka 185 ne, bai kai jika 150 ba. Ni jika 750 na aika.

Na manta ban faɗa ba, kafin in koma Yamai neman mutumin na kira wani direba da na sani wanda ya yi aiki a sansanin Agadas da gaske. Shi yana da kwantiragi da sunan kamfanin da ya ɗauke shi, da takardun albashi, da lambar CNSS ta asusun fanshon ma'aikata, ya turo mini hotonsu ba tare da ya ce in kashe waya ba. Ya ce bai taɓa jin sunan mutumin ba. Ina ma shi na fara kira tun kafin in ba da kuɗi. Kira ɗaya.

Na bi mota fiye da kilomita 500 na iske gidan a kulle. Haya ce ta wata biyu. Mai gidan ya ce ni ne na huɗu da ya zo nema, har da wata tsohuwa daga Konni. Na kai ƙara wurin ƴan sandan bincike, shi ya sa ban sa sunansa da hotonsa yanzu ba. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da muryoyinsa da rasit duka suna nan, da zarar an ba ni izini zan saka su.

Duk wanda ya ce muku ya yi aikin leƙen asiri kuma yana son kuɗi, kada ku ba shi ko dala. Ya kawo kwantiragi da sunan kamfani, ku kira da kanku. In ya ce sirri ne, ku tashi.

Miliyan 1 da jika 850. Allah ya isa, ban yafe ba. Yaron har jaka ya saya, tana nan a bayan ƙofa, kuma har yanzu ban iya gaya wa uwarsa cewa ɗan kunnenta ba zai dawo ba.