Bitar ƙaramar na'urar nazarin sigina mai tashoshi 8 wajen gano matsalar UART

Na'urar da nake bita a nan ita ce ƙaramar na'urar nazarin sigina (logic analyzer) mai tashoshi 8 da gudun 24 MHz, wato tana duba wayoyi har 8 sau miliyan 24 a sakan, irin wadda ake sayarwa ba tare da sunan wani kamfani a jikinta ba. Na gwada ta ne a kan aiki guda, wato gano dalilin da ke hana maikurokontrola biyu (ƙananan kwamfutoci a cikin cip guda) fahimtar juna idan an haɗa su ta hanyar UART, tsarin aika bayanai bit bayan bit a kan waya. A irin wannan matsala, abin da ke cin lokaci shi ne rashin sanin wanda ke da laifi tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kuma raba wannan gardama shi ne babban amfanin na'urar.

Girmanta bai wuce na akwatin ashana da yawa ba, kuma a cikinta akwai cip ɗin Cypress CY7C68013A. Ba ta da ma'ajiyar bayanai ta kanta, duk abin da ta karanta tana tura shi kai tsaye zuwa kwamfuta ta USB 2.0. Manhajar da ta dace da ita ita ce PulseView ta aikin sigrok, wadda kyauta ce, sai dai mai amfani da Windows yana bukatar ya saka direba ta hanyar manhajar Zadig kafin kwamfutar ta gane ta. Wayoyin da ke zuwa tare da ita ba su da ƙwari, suna saurin zamewa daga fil (ƙafafun haɗi na allo), don haka ya kamata a nemi ƙananan maƙalai daban.

Na haɗa allunan maikurokontrola biyu, Arduino Uno da ESP32, na jona wayar GND (wayar ƙasa, wadda ake auna lantarki daga gare ta) ta na'urar da farko, sannan tasha ɗaya a kan TX, fil ɗin aikawa, na kowane allo. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a sa mai aikawa ya riƙa maimaita harafin U, domin lambarsa 0x55 ce, bit ɗinsa suna sauyawa tsakanin ɗaya da sifili, don haka faɗin kowane bit yana fitowa sarai a allon kwamfuta. Idan gudun bit 9600 a sakan ne, kowane bit zai ɗauki kusan maikurosakan 104, idan kuwa 115200 ne, kusan 8.7. Da wannan awo kaɗai mutum zai san ainihin gudun da ake aikawa da shi, ba wanda yake zaton ya rubuta a manhaja ba. Daga nan sai a kunna mai fassara UART na PulseView, a zaɓi tsarin 8N1 (bit 8 na bayani, babu bit na tantancewa, bit ɗaya na tsayawa), haruffan su bayyana a ƙarƙashin siginar. Idan sun fito daidai, mai aikawa ya fita daga zargi, bincike ya koma kan mai karɓa.

Inda na fi jin daɗinta shi ne ƙananan kurakuran lokaci, waɗanda ba a iya gane su ta karanta manhaja. Cip ɗin ATmega328P na Uno da ke gudu a 16 MHz ba ya iya samar da 115200 cif-cif, abin da yake fitarwa ya kai kusan 117647, wato ƙari na kashi 2.1 cikin ɗari. Wannan shi kaɗai ba ya ɓata sadarwa, amma idan ɗaya ɓangaren yana dogara da agogon cikinsa maimakon kiristal, kuma nasa kuskuren ya karkata zuwa ɗaya gefen, bit na ƙarshe a kowane bait (rukunin bit 8) yana iya faɗawa wurin da bai dace ba. Sakamakon shi ne saƙo mai kyau da harafi ɗaya ko biyu a gurɓace, abin da mutane da yawa ke ɗora wa waya alhali agogo ne. Auna tsawon bait guda da alamomin awo na PulseView yana tona wannan nan take, kuma sau da yawa rage gudu zuwa 38400 ko 9600 yana kawo ƙarshen matsalar.

Haɗa TX da TX maimakon TX da RX, fil ɗin karɓa, ma yana bayyana da wuri, tunda tashar da aka jona a kan RX za ta zauna shiru. Haka kuma idan duk bayanan suna nan a waya amma Uno yana rasa wasu, hankali zai koma kan ma'ajiyar karɓa mai bait 64 wadda ke cika idan manhaja ta yi jinkirin karantawa, ko kuma kan fil 0 da 1 da yake rabawa da USB.

Rauninta babba shi ne ba ta ganin ƙarfin lantarki, ɗaya da sifili kawai ta sani. Siginar bolt 5 daga Uno da siginar bolt 3.3 daga ESP32 kamanninsu ɗaya a wurinta, alhali fil ɗin ESP32 ba a yi su don ɗaukar bolt 5 ba, dole a sa resisto biyu masu raba lantarki, misali na 1k da 2k, ko cip mai daidaita matakin. Ba za ta gargaɗe ka a kan wannan ba, aikin mitar auna lantarki ne. Kada kuma a jona ta kai tsaye a kan RS-232, tsohon tsarin haɗin kwamfuta da na'urori, wanda lantarkinsa ke iya kaiwa bolt 12 a gefen ƙari da na ragi. Akwai wani tarko da ya fi wannan dabara: idan matsalar ita ce allunan biyu ba su haɗa GND ba, jona na'urar yana iya samar da wannan haɗin ta cikin kwamfuta, matsalar ta ɓace lokacin gwaji, ta dawo da zarar an cire ta.

Gudun 24 MHz ɗin ma ba kullum ake samunsa ba, domin idan hanyar USB tana da cunkoso ɗaukar bayanai tana yankewa. Ga UART wannan ba damuwa ba ne, tunda 2 MHz ya wadatar har ga 115200, kuma I2C, wani tsarin sadarwa tsakanin cip da cip, shi ma tana karanta shi ba matsala. Wanda ke aiki da tsarin sadarwa na SPI mai gudun da ya wuce 'yan MHz kaɗan, ko yake zargin hayaniyar lantarki a doguwar waya, osiloskop, na'urar da ke nuna siffa da ƙarfin sigina, yake bukata.