Ɗakin taro ko tabarmar makaɗan kotso? Amsa ga ƙanenmu mai dare ɗaya

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na idar da sallar asuba hankalina ya kwanta. Ka ce hutun da aka ba ka a wurin aiki gajere ne, daren kashegarin Sallah kaɗai ke hannunka, ga shi abu biyu sun faɗo a daren: wasan wani mawaƙin zamani da kake so a ɗakin taro a Kano, da shagalin naɗin sarautar kawun abokinka a wani gari na ƙasar Katsina, inda aka gayyato makaɗan kotso da 'yan kalangu. Ka ce ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ba, kuma amarya na son bin ka. 'Yan zaure sun yi ta ce maka ka je duka, kamar jikinka biyu ne. Ni na tsufa a irin waɗannan wurare, bari in jera maka su ka gani.

Mu fara da kunne, tunda shi za ka kai.

Waƙar zamanin da muke ji a waya ba taron makaɗa ne suka kaɗa ta ba. Tun shekarun 1990, da finafinan Hausa suka buɗe wa waƙa kasuwa, mutum ɗaya ne ke zama a sutudiyo gaban fiyano, galibi ƙirar Yamaha, ya fitar da ganga da sarewa da goge duk daga cikinta. Yanzu kuma kwamfuta ta karɓi rabin aikin. Mawaƙi ya shiga ya ɗora murya, a kira mai amshi ta ɗora tata, a bi muryoyin da na'ura a goge. To ranar wasa wa zai kaɗa? Babu wata ƙungiya da ta taɓa kaɗa waƙar da hannu, balle ta maimaita ta a gabanka. Shi ya sa DJ ke cusa filashi, waƙar ta taso daidai yadda ka san ta, mawaƙi ya bi ta. Mai ganin girman masu kallo yakan sa a cire muryarsa a bar kiɗa da amshi, ya rera da bakinsa. Wasu ko wannan ba sa yi.

Na taɓa zama dab da dandamali a wani irin wasa. Ana tsakiyar waƙa mawaƙin ya sunkuya yana gaisawa da wani Alhaji mai tebur a sahun gaba, makirufo na lilo wajen gwiwarsa, bakinsa na cewa "ranka ya daɗe", amma muryarsa na ta zuba baiti daga lasifika ko tari babu. Na waiga in ga wa zai yi magana. Ba wanda ya damu, kowa waya a sama.

Amma kada in yi wa wurin rashin adalci. A daren nan dai wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama, ɗakin ya yi duhu ƙirin. Maimakon a watse, sai jama'a suka ɗauki amshin da kansu, maza da mata, fitilun waya na kaɗawa, har kusan minti uku babu kiɗa babu mawaƙi. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Ranar na gane abin da ake saya da tikiti: ka tsaya cikin ɗaruruwan mutanen da suka haddace abin da ka haddace, waƙar da kake ji kai kaɗai a mota ta zama ta gari. Idan wannan kake nema, ba za ka same shi a wurin naɗi ba.

Can kuwa komai da hannu ne da maƙogwaro. Kotso kiɗan fada ne, shi ne na gidan su Musa Ɗanƙwairo, da tafin hannu da yatsu ake kaɗa shi. Kalangu asalinsa na mahauta ne da 'yan dambe, kafin makaɗan Mamman Shata su rataye shi ya yi wa kowa waƙa da shi, daga sarki har direba. A hammata ake riƙe shi. Makaɗi ya matse tsarkiya fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, kuma da yake Hausa kanta da hawa da saukar murya take rarrabe kalmomi, sai gangar ta riƙa magana, wanda ya san take ya ji sunansa a ciki. Ga uban kiɗi a tsakiya, ga 'yan amshi a bayansa suna karɓa, ga sanƙira yana zagaye. Wannan sanƙiran shi ne idon tawagar. Tun da rana ya bi gari ya san wane ɗan wane ne, wa ya gina masallaci, wa ke takun saƙa da wa, wa ya zo da sabuwar mota. Shi ke raɗa wa makaɗi suna da asali, makaɗi ya ɗinka su cikin baiti nan take. Ma'ana rabin abin da za ka ji a daren babu shi kafin mutanen wurin su zauna.

Akwai wani biki da na je, wani tsoho na gyangyaɗi a kujerar roba tun bayan isha'i, kiɗa na tashi ko motsi ba ya yi. Can wajen ƙarfe ɗaya na ga sanƙira ya duƙa a kunnen mai kalangu. Kiɗan ya juya, ya koma wani gajeren take mai maimaita kansa. Tsohon nan ya buɗe ido, ya miƙe ba tare da sandarsa ba, ya taka har gaban makaɗin, ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa, ya koma da 'yar shara yana share ido da hula. Da na tambayi na kusa da ni, sai ya ce taken mahaifinsa ne, Sarkin Pawan garin, wanda ya rasu tun mu muna yara. Ba a faɗi sunan da baki ba. Gangar ce ta faɗa.

Nasu aibin ma ga shi. Sau da yawa lasifikar irin ta kamfen ce, tana ƙara tana shaƙewa, ta danne zaƙin kotso. Za ka sha wasa mutanen da ba ka sani ba, hakimi da dagatai da 'yan kwangila, baiti bayan baiti, kai kuwa ɗan birni ka rasa inda aka dosa. Hausarsu ta da ce, ga karin harshen Katsina ko Zamfara, ga habaici da zambon da sai ɗan gari ya san wanda aka soka. Za ka ga wuri ya ɗauki dariya kai kana raba ido. Ga ƙura, ga sauro, kujera kuma ta manya ce, kai tabarma ko benci. Idan abokinka bai zauna kusa da kai yana warware maka ba, rabin daɗin ya wuce ka.

Batun kuɗi, kada jin cewa shiga wurin naɗi "kyauta" ne ya ruɗe ka. A ɗakin taro ka san farashinka tun daga gida: tikitin gama-gari, ko na manya, ko tebur. Ka saya da wuri a inda masu shirya wasan suka ambata, ka guji masu miƙo tikiti a bakin ƙofa, ka biya ka shiga, ba mai sake tambayar ka sisi. Wurin naɗi babu tikiti, amma kai abokin ɗan gida ne da ya zo daga birni da shadda mai maiƙo, sanƙira zai shinshino ka kafin ka gama gaisawa. Da zarar an ambaci sunanka da na mahaifinka a gaban jama'a, hannunka da kansa zai tafi aljihu. A da riga da doki ake bayarwa, daga baya mota da kujerar Makka, kai ba a sa ran haka daga gare ka, amma ka ware abin da za ka iya tun kafin ka fita, ka bar sauran a gida. Kuma ka kiyayi liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 EFCC, hukumar yaƙi da almundahanar kuɗi, ta dage da gurfanar da mutane a kan haka, galibi daga bidiyon da su da kansu ko abokansu suka ɗora. Wannan ya shafi wuraren biyu. Ka sa a ambulan ka miƙa wa sanƙira, zai yi shelarsa da murya mai daɗi, har ya fi yadda kuɗin suke.

Lokaci kuma, duka biyun ba su san agogo ba. Tikiti zai ce ƙarfe bakwai, wanda ka zo dominsa sai wajen sha ɗaya. Kafin nan masu tasowa ne ke ta hawa suna sauka, da masu barkwanci, da gaishe-gaishen waɗanda suka ɗauki nauyi. In ya hau, yana yanka waƙoƙi biyu-biyu uku-uku daga tsakiya don ya taɓa kowace, kafin ka gama zama daidai ya yi sallama. Makaɗan gargajiya ba sa sauri. Bayan isha'i ake farawa, kuma mafi daɗin yana zuwa ne bayan manyan baƙi sun tashi, an rage, makaɗi ya saki jiki da waɗanda suka san abin. Wannan na nufin kwana ya kama ka. Kada ka kuskura ka ce za ka kamo hanyar Kano da tsakar dare, ka san halin da wasu hanyoyin ƙasar Katsina ke ciki. Ka tambayi mutanen garin labarin hanya kwana ɗaya kafin tafiya, ka shiga da rana ka fito da rana. A Kano kuma abin tsoron ƙarami ne amma yana nan: turmutsutsun bakin ƙofa lokacin fita, nan waya ke sauya mai ita.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kada ka zauna gaban lasifikar ɗakin taro don kawai ka ga fuskar mawaƙi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar irin waɗannan wurare ya wuce ma'aunin desibel 100, mu kuwa a nan ba mai aunawa, DJ na murɗawa ne har sai bango ya yi rawa. Ni kwana biyu na yi kunnena na ƙugi bayan wancan daren. Tsakiyar ɗaki ya fi, ko ka tafi da 'yar auduga.

Sai amaryarmu. A nan ɗakin taro ya yi nasara ba gardama, in dai burinku ku zauna kafaɗa da kafaɗa ku yi hoto. Akwai kujera, akwai masu gadi, ku fito ku hau mota ku koma gida. A wurin naɗi da wuya ku zauna tare. Kai kana ƙofar gida cikin maza, ita tana ciki wurin mata. Sai dai kada ka ɗauka an cuce ta, don a cikin gidan ne ake kifa ƙwarya a ruwa a yi kiɗan amada irin wanda marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, kuma abin da mata ke rerawa a can in babu namiji kusa, mu labarinsa kawai muke ji. Wata za ta dawo ta fi ka labari, wata kuma za ta yini a takure cikin baƙin fuska. Kai ka san taka. Ka tambaye ta, kada ka yanke mata.

Wani a zauren ya ce ai duk wasan zamani haka yake, bin filashi ne. A'a. Ka leƙa Nijar ka ga masu jita na Agadas, ko ƙungiyar Tal National ta Yamai da ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, su da jita da ganga a hannu suke kwashe sa'o'i suna kaɗawa. Ranar da mawaƙanmu na Kano da Kaduna suka yarda su riƙa biyan makaɗa suna atisaye da su kafin wasa, wannan muhawarar tamu za ta ragu.

Da ni ne kai, Katsina zan nufa, muddin hanya lafiya kuma akwai wurin kwana. Mawaƙinka yana nan, zai sake wasa da Sallah mai zuwa ko kafin nan, kuma waƙoƙin da zai yi su ne dai ke cikin wayarka yanzu. Kawun abokinka sau ɗaya za a naɗa shi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma duk wanda ya taɓa zama a gabansu zai gaya maka kaset bai ɗauko rabin abin ba. Magadan wannan kiɗa suna nan suna yi, amma ba kullum ɗan birni irinka ke samun gayyata har tabarmarsu ba.

In ka yanke zuwa, ka gaya wa abokinka ya sanar da sanƙira sunanka da na mahaifinka da garinku da sana'arka tun da la'asar, kada a tashi wasa ka a yi ta lalube. Ka nemi wuri ta gefen 'yan amshi, nesa da lasifika, inda za ka ji fatar kotso da kunnenka. Waya ba ta ɗaukar ƙasan sautin ganga, don haka kada ka ɓata daren kana riƙe da ita a sama. Baitinka kaɗai za ka naɗo mana, mu ji da me aka haɗa sunan Baba.