Asibitin gwamnati ko shagon magani? Amsa ga ƙanwarmu da ta gama bautar ƙasa

Ƙanwata, tsakanin aikin asibitin gwamnati da na shagon magani da kika tambaya wanne famasis ya fi jin daɗinsa, ki ɗauki shago. Na yi duka biyun, yanzu kuma ina riƙe da nawa a nan Kano.

Asibiti ba laifi. Albashin CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati, yana shigowa, ga fansho, ga hutu. Amma a bayan taga za ki yini, layi har waje, takarda ta shigo magani ya fita, wani lokaci ma ki ce babu, a je waje a saya. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

A shago kuwa mutum ne gabanki, kuma gobe ma zai dawo. Akwai wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ya shigo mini yana kukan jiri, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Na ce Baba, a juye mini ledar nan a kan tebur. Sai ga amlodipine, maganin hawan jini, kwali biyu, na kamfanoni daban, yana haɗiyar kowanne da safe a zatonsa magunguna biyu ne. Ga kuma diclofenac, maganin rage zafin ciwo, da yake sha kullum don ciwon gwiwa, wanda shi kansa yana tayar da hawan jini. Na auna shi, na ware kwalayen, na yi masa 'yar takarda ya kai wa likitansa. Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo a yi awo, ya turo iyalinsa, ya turo maƙwabta. Ilimin da kika sha wahalarsa a jami'a, a nan za ki ga yana aiki da idonki.

Kada dai ki zaci hutu ne. Sai goman dare kike rufewa. Insulin, allurar masu ciwon suga, yana son firji, firji yana son sola, mai haya ba ya jira. Da kamfanin magani na GSK suka sanar a 2023 za su daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, kuɗin magungunansu Augmentin (na kashe ƙwayoyin cuta) da Ventolin (na asma) ya yi tashin gwauron zabi, mu muka sha harara a shago. Ga littafin bashi, wanda rabinsa dangi ne. Don haka kada ki ci bashi ki buɗe naki yanzu. Ki zauna ƙarƙashin wani famasis mai gaskiya kamar shekara biyu, ki koyi saro da abin da ke tafiya a unguwa.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Masu kuɗi za su zo miki da daɗin baki: ki ba su lasisinki a yi rajistar shago, a riƙa tura miki wani abu duk wata, ba sai kin zo ba. Kada ki yarda. Sunanki ne a wurin PCN, hukumar da ke ba famasis lasisi da rajistar shagunan magani. Tun 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, amma har yau akwai masu sayar da shi da tiramol ta bayan kanta, kuma ranar da NDLEA suka dira, ke za a nema, mai shagon ya kashe waya.

Haka wajen saro. Tun 2024 aka tashi dilolin magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro a kan titin Zariya. Ki saya can ko wurin wakilin kamfani, da rasit. Wanda ya kawo miki katan a bayan mota da araha, ki duba lambar NAFDAC, ki kuma kankare wurin ranar lalacewa da farce. Sau da yawa sabuwar takarda ce aka manna a kan tsohuwa.